Sunan da Ke Kan Katin Mairam

Malama Raudatu tana tsakiyar duba takardun gwaji ta ji sallama a bakin ƙofar ofishinta, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a amsa. Ta ɗago kai. Mairam ce, 'yar Nguru, ɗalibar shekara ta biyu a kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta da ke bayan garin Gashua, inda Raudatu ke koyarwa. Yarinya ce mai zama a layin gaba, kafin a gama tambaya ta ɗaga hannu.

"Shigo mana, 'yar masu kifi. Kwana biyu ban gan ki a aji ba, har na ce ko kin koma taya Baba sayar da banda ne."

Mairam ba ta yi dariya ba. Ta shigo ta mayar da ƙofa, ta zauna a bakin kujera, ta ƙanƙame gefen hijabinta da hannu biyu. Sai da ta buɗe baki sau uku kafin magana ta fito.

"Malama, shekaranjiya da yamma wani ya yi min fyaɗe."

Biron da ke hannun Raudatu ya faɗi kan tebur. Shekararta shida tana koyarwa, ta ga ɗalibar da ta suma, ta ga wadda aka yi wa rasuwa ana tsakiyar jarrabawa, amma ba a taɓa ajiye mata irin wannan magana ba. Ta yi salati a hankali. Sai ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Zauna nan, kada ki motsa. Bari in kawo miki ruwa."

Ta fita da sauri. Randar ruwan tana ofishin da ke kusa, inda ake ajiye fayil-fayil na ɗalibai, kuma a nan ƙafarta ta kai ta ga abin da ta saba.

A wannan kwaleji, duk uban da ya kawo 'yarsa daga wani gari sai ya zo da mutumin Gashua da ya yarda da shi, ya danƙa masa amanarta hannu da hannu a gaban hukumar makaranta. A rubuta sunan mutumin a kati a matsayin mariƙi. Gidansa ake aiko mata da saƙo daga gida. Shi ake kira in ta yi zazzaɓi, shi ake kira in ta yi laifi, kuma shi kaɗai ke da ikon sa hannu a bakin get ya fita da ita. Malamai sun saba da abin har ya zame musu jiki: matsala ta taso, a jawo kati, a kira mariƙi.

Raudatu ta jawo katin Mairam. Alhaji Abatcha, dillalin kifi, aminin mahaifinta. Ta danna lambarsa, bugu biyu ya ɗauka, hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa.

"Alhaji, daga makarantar su Mairam ne. Ana son ganinka yanzu."

"Me ta ce muku?"

"Ka dai zo, maganar ba ta waya ba ce."

"Ina kasuwar Jajimaji. Kada ki bari ta yi magana da kowa, ga ni nan tafe."

Ta ji daɗin yadda ya ɗauki abin da zafi. Ta ɗebo ruwa ta koma, ta miƙa wa Mairam kofin tana shafa bayanta.

"Sha, ki kwantar da hankalinki. Ba ke kaɗai ba ce. Na kira mariƙinki, yanzu zai iso."

Kofin ya suɓuce, ruwa ya malale a siminti. Mairam ta miƙe tsaye ta ja da baya har ta jingina da bango, idanunta a kan ƙofa.

"Malama, shi ne."

Maganarsa ta dawo wa Raudatu a kunne, wannan karon da ainihin ma'anarta: kada ki bari ta yi magana da kowa.

Sauran labarin ya fito a gutsure. Mahaifin Mairam ya aiko mata da garin kunu da busasshen kifi. Ta karɓi izini ta je ɗauka kamar kullum. Matan gidan duk sun tafi bikin suna a Karasuwa. Ya ce kayan suna ɗakinsa, ta shiga ta ɗauko. Bayan abin ya faru ya gaya mata in ta kuskura ta buɗe baki, zai ce wa babanta ya kama ta da saurayi, kuma ta san maganar wa za a ɗauka tsakanin ita da abokin shekara talatin.

"In ya fita da ni yau, Nguru zai kai ni da wannan ƙaryar a bakinsa. Baba zai ce karatun ya isa haka. Saura kwana shida jarrabawa, Malama."

Raudatu ta dubi agogon bango. Daga Jajimaji zuwa nan, ga mai motar kansa da ke sauri, bai fi rabin awa ba. Zuciyarta ta ce ta ruga ofishin shugaba, ta tara malamai, ta kira 'yan sanda. Ta danne. Irin wannan gudun ne ya kai ta ga katin.

Ta durƙusa a gaban yarinyar har idanunsu suka daidaita.

"Mairam, na yarda da abin da kika faɗa, duka. Ba laifinki ba ne, ko kaɗan. Kiran nan kuma laifina ne, na yi gaba ban tambaye ki ba. Ki yafe min." Ta ciro wayarta ta ɗora a cinyar Mairam. "Riƙe. Daga yanzu ba na kiran kowa, ba na gaya wa kowa komai, sai abin da kika ce. Me kike so a fara yi?"

Mairam ta daɗe tana kallon wayar. Numfashinta ya fara sauka.

"Kada a ba shi ni."

"Ba za a ba shi ke ba. Sai me?"

"Kada Baba ya ji. Ba yanzu ba."

"To. A gida wa kika yarda da shi?"

"Gogo Rahima, yayar Baba. Tana sayar da turaren wuta a kasuwar Nguru."

"Ke za ki kira ta ko ni?"

"Ni."

"Madalla. Abu ɗaya zan tuna miki, ke ma kin sani don na koyar da ku a aji. Akwai magungunan kariya da ake so a fara kafin kwana uku su cika, yau kuma na biyu. Sista Nabila tana kilinik. In kin yarda mu je, in ba ki shirya ba mu jira."

Mairam ta gyaɗa kai. "Mu je."

Suka bi ta bayan azuzuwa, inda babu idon jama'a. Sista Nabila, nas ɗin makaranta, mace ce mai jiki da ƙarancin magana. Kallo ɗaya ta yi wa Mairam ta sallami ɗalibai biyun da ke jiran maganin ciwon kai, ta buɗe ɗakin ciki. Raudatu ta tsaya a waje lokacin da Mairam ke waya. Ta jiyo muryarta ta juya zuwa Manganci, yaren gidansu, ta karye, ta sake ɗaurewa. Da Mairam ta leƙo, fuskarta jiƙe take amma idonta ya ɗan washe.

"Gogo ta rufe rumfa, ta nufi tasha. Ta ce ko da motar kaya ce za ta hau."

Raudatu ta yi lissafi a ranta. Daga Nguru sai an fi awa, in ma mota ta cika da wuri. Alhaji Abatcha zai riga ta nesa ba kusa ba.

"Zan je wurin Malam Mahmud a cire sunansa daga katinki. Me kika yarda in gaya masa?"

"Ki ce ina so a canza mariƙi. Shi ke nan."

"Shi ke nan zan faɗa."

Kafin ta je ofishin, sai da ta biya ta bakin get. Baba Nagoggo maigadi yana zaune a kan bencinsa da rediyo a kunne. Tsoho ne da ya fi ginin makarantar daɗewa a unguwar, kuma bai taɓa barin ɗaliba ta fita ba tare da an cika masa littafi layi-layi ba.

"Baba, wani Alhaji zai zo neman ɗaliba yanzu. Ina so a bi ƙa'ida sosai."

Ya rage rediyon ya dube ta ta saman ido. "Sosai ta kullum, ko sosai ta musamman?"

"Ta musamman."

"To ai kuwa yau tun safe nake neman tabarau ɗina," in ji shi, ya zare shi daga fuskarsa ya zura a aljihu.

Malam Mahmud, shugaban harkokin ɗalibai, mutum ne mai gaskiya wanda ya yi imani cewa duk abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba. Ya saurari Raudatu yana jera biro uku a kan tebur.

"A canza mariƙi. Dalili?"

"Ba ni da izinin faɗa, ranka ya daɗe."

"Ni ne fa shugaban harkokin ɗalibai, Malama."

"Na sani. Maganar ta mai ita ce. Ran da ta ce in gaya maka, kai zan fara nema."

Ya jingina da kujera. "In saɓani suka samu, abu ne mai sauƙi. Ya zo, mu kira limamin makaranta, a zaunar da su ɗaki ɗaya a sasanta. Yara yanzu ko faɗa aka yi musu sai su ce an tsane su."

"Ba za su zauna ɗaki ɗaya ba. Ko inuwa ɗaya."

Yadda ta faɗi maganar ya sa ya daina wasa da biron. Ya dube ta da kyau.

"Malama, ki fahimce ni. A gabana uban yarinyar nan ya kama hannun Alhaji Abatcha ya ce ga amana. Wanda ya ba da amana shi ke karɓe ta. In na soke da kaina, gobe wani uban zai zo ya ce mun raba shi da wakilinsa. Sai dai mahaifinta, Alhaji Ibram, ya kira ni da bakinsa, daga lambar da ke cikin fayil, in soke a gabanki. In ba haka ba, mai suna a kati ya zo ya sa hannu, ba ni da hurumin hana shi."

Ta koma kilinik kusan da gudu. Mairam na jin an ambaci mahaifinta ta girgiza kai da ƙarfi. Raudatu ba ta matsa ba.

"Ba sai ya ji dalili ba. Akwai wanda zai iya sa shi ya yi kiran ba tare da ya tambaya ba?"

Mairam ta sake danna lambar Gogo, ta sa a sifika. Ƙarar iska da injin mota suka cika ɗakin. Da Gogo Rahima ta gama ji, sai ta yi tsaki.

"Ibram? Ni na goya shi har bayana ya goge. Yaushe ya fara tambayata dalili? Ku bar ni da shi."

Minti biyar bayan haka ta sake kira. Wayar Ibram tana ta ƙara ba a ɗauka. Yana wurin lodin kifi, in ji ta, kuma in yana lodi ko an yi tsawa ba ya ji. Ta aika maƙwabcin rumfarta a babur ya nemo shi. Tana cikin bayani layin ya yanke.

A daidai lokacin suka ji hon a bakin get, dogo, sau uku.

Mairam ta damƙi hannun Sista Nabila. Nas ɗin ta tashi ta murza makulli a ƙofar ɗakin ciki, ta jefa shi aljihun rigarta, ta ja kujera ta zauna.

"Je ki, Malama. Mara lafiyata ba ta tashi sai na sallame ta, ni kuwa yau ba na sauri."

Raudatu ta tarar da Alhaji Abatcha tsaye a gaban bencin maigadi, dogo, cikin farar shadda da hula zanna, makullin mota na juyawa a yatsansa. Baba Nagoggo ya buɗe littafi a cinya yana lalube.

"Abatcha da ta ake rubutawa ko da ca? Yi haƙuri Alhaji, idon ne. Ga biron ma ya ƙi. Bari in ga ko akwai wani a ɗaki."

"Baba, shekara biyu ina zuwa nan. Yau ne ba ka san ni ba?"

"Ni na san ka. Littafin ne bai san kowa ba."

Alhaji ya hango Raudatu, nan take ya saki fuska. "Malama, ke kika kira ko? Allah ya saka. Ina 'yar tawa? Fito min da ita in kai ta gida ta huta, duk abin da ake ciki ma ji a can."

"Kuskure na yi da na kira ka, Alhaji. Mairam tana wurin nas, kuma ta ce ba za ta fita ba."

"Ta ce?" Ya yi 'yar dariya. "Yaushe yara suka fara cewa? Kira min Malam Mahmud."

Ba sai an kira shi ba, hon ɗin ya riga ya fito da shi, katin Mairam a hannunsa. Suka gaisa da Alhaji hannu biyu-biyu, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa. Raudatu tana tsaye a gefe. Wayarta tana wurin Mairam, ba ta da hanyar sanin ko an samu Alhaji Ibram.

"Malam, sunana ne a katin nan ko ba sunana ba?"

"Sunanka ne, Alhaji."

"To a ba ni littafi in sa hannu."

Malam Mahmud ya dubi Raudatu kamar mai neman gafara. Ita kuwa ta matsa ta tsaya a tsakiyar ƙaramar ƙofar get ɗin.

"Ranka ya daɗe, kati ya ce wa zai iya fita da ita. Bai ce a fitar da ita tana cewa a'a ba. Shekararta ashirin. In za a wuce da ita, sai dai a fara ɗauke ni daga nan."

Fara'ar Alhaji ta ɗauke. Ya juya ga Malam Mahmud ya rage murya, irin ta manya in za su yi maganar da ba ta mata ba.

"Malam, ban so in faɗa a nan ba, don rufin asirin ubanta. Yarinyar nan ta lalace da bin samari. Shekaranjiya da idona na kama ta da wani. Duk abin da ta zo ta ce an yi mata, sharri ne take neman wanda za ta laƙa wa."

Baba Nagoggo ya ciro tabaransa daga aljihu ya maƙala, ya ƙare wa Alhaji kallo.

Malam Mahmud ya juya katin a hannunsa a hankali. "Alhaji, ni da nake shugaban harkokin ɗalibai, har yanzu ban san me yarinyar ta ce ba. Na tambaya an hana ni. Malama, ke kin gaya masa a waya?"

"Cewa na yi ana son ganinsa."

"To wa ya ce maka ta ce an yi mata wani abu?"

Makullin da ke yatsan Alhaji ya daina juyawa. Kafin ya haɗa amsa, waya ta yi ƙara a aljihun Malam Mahmud. Ya duba lambar, ya duba bayan katin, sannan ya sa a sifika.

"Salamu alaikum, Malam. Ibram ne daga Nguru, baban Mairam." Muryar tana haki, kamar wanda aka janyo daga aiki. "Yayata Rahima ta ce a cire sunan Abatcha a katin yarinyar nan a sa nata. A yi hakan."

Alhaji Abatcha ya matso da sauri. "Ibram, ni ne. Ga ni a wurin. Shekara talatin muna tare, ka bari mace ta shiga tsakaninmu ko dalili ba ka ji ba? Akwai maganar da nake so in gaya maka game da yarinyar nan."

"Dalilin ban ji ba tukuna, gaskiya ne. Amma Ya Rahima ta ce kada in saurari kowa a kan Mairam sai ta dawo, kai ma ka san ta. Tun da nake ba ta taɓa rufe rumfa ana tsakiyar ciniki ba sai yau. Malam, a soke."

Malam Mahmud ya zaro biro daga aljihun gaba, ya ɗora katin a kan littafin maigadi, ya ja layi biyu a kan sunan, ya rubuta kwanan wata da lokaci, ya sa hannu.

"Baba Nagoggo, wannan bawan Allah ba shi da ɗaliba a nan."

"Haka littafi ya nuna," in ji tsohon, ya rufe shi.

Alhaji ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga mota ya ja da ƙarfi. Da ƙararta ta ɓace, Raudatu ta zauna a bencin maigadi ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo.

Malam Mahmud ya tsaya a kanta. "Ba zan tambaye ki ba," ya ce. "Amma ki gaya mata ofishina a buɗe yake ran da ta so, kuma in tana buƙatar a ɗaga mata jarrabawa, takarda ɗaya ce." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Maganar liman da na yi, a bar ta."

Ana kiran azahar napep ya sauke wata gajeriyar tsohuwa cikin lafaya ruwan goro, ƙamshin turaren wuta na riga ta isowa. Ba ta tsaya gaisuwa ba sai da aka kai ta kilinik. Mairam ta faɗa jikinta, tsohuwar ta lulluɓe ta da lafayar gaba ɗaya kamar jaririya, tana yi mata magana a kunne da Manganci. Raudatu da Sista Nabila suka fita suka ja musu ƙofa.

Da Gogo Rahima ta fito, ta auna Raudatu daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai saurin kiran waya?"

"Ni ce, Gogo."

"Kuma ke ce kika tsaya a ƙofa?"

"Ni ce."

"To na biyun ya biya na farkon. Gobe in yarinya ta kawo miki magana, ki zauna a kanta tukuna, kamar kaza a kan ƙwai. Ina katin? A ba ni in dangwala."

Mairam ba ta nemi a ɗaga mata jarrabawa ba. Gogo ta tare a gidan wata ƙawarta a Gashua, kullum da rana tana bakin get da kwanon abinci, tana faɗa da Baba Nagoggo a kan littafi. Akwai ranakun da Mairam ta kasa karatu, ta zo ofishin Raudatu ta zauna kawai ba ta ce komai ba, Raudatu kuma ba ta tambaya ba. Ranar da aka gama takarda ta ƙarshe ta ce, "Malama, na shirya gaya wa Baba. Ina so ki raka ni."

Suka tafi Nguru su uku da safe. Gidan Alhaji Ibram yana bayan tashar jirgin ƙasa, ƙamshin banda ya kama har bangon zaure. Mairam da Gogo suka shiga ɗakinsa. Raudatu ta zauna a tabarma a tsakar gida, an ajiye mata kunun da ta kasa sha. Ta kasa kunne ko za ta ji an ɗaga murya. Ba ta ji ba.

An fi rabin awa kafin ya fito. Ƙaƙƙarfan mutum ne, baƙi, hannuwansa duk kanta, idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar.

"Malama, da hannuna na kai ta gidan nan. Da hannuna." Ya share fuska da hularsa. "An ce nas ta rubuta takardar shaida a kan abin da ta gani."

"Ta rubuta, Alhaji, tana ajiye a kulle. Amma ta Mairam ce. Sai abin da ta ce a yi da ita."

Ya juya maganar a ransa, kamar bai taɓa jin irinta ba. Sannan ya waiwaya ga 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa, Gogo riƙe da kafaɗarta.

"Mairam, uwata. Me kike so a yi?"

"Ina so a kai ƙara, Baba. Akwai wasu 'yan mata biyu da sunansa ke kan katinsu." Ta ɗago ta dube shi. "Kuma ina so in koma makaranta in an dawo hutu."

"Ƙara, ni zan raka ki, ƙafata ƙafarki. Makaranta kuwa, wa ya ce za ki bari?"

Mairam ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta suka sauka kamar an sauke mata buhu. Gogo Rahima ta harari ƙaninta.

"Da ka ce wani abu daban, da yau na tuna maka wa ya yi maka wanka."

Da la'asar Alhaji Ibram ya raka Raudatu tasha da kansa, ya sa aka ɗora mata kwali guda na banda a but ɗin mota, duk da ta ce ya yi yawa. Tana zaune ana jiran mota ta cika ta kira Malam Mahmud, bayan Mairam ta ce ta kira, ta ce masa akwai kati biyu da ya kamata a duba tun kafin a dawo hutu. Ya ce fayil ɗin suna kan teburinsa, gobe da safe zai fara da tambayar 'yan matan masu katin.

Mairam ta leƙo ta tagar motar. "Malama, kifin nan fa sai an jiƙa shi da ruwan zafi. Na san ku malamai, sai ku zuba shi haka a miya."

"Ji min 'yar masu kifi. A garin kogi aka haife ni, ni za ki koya wa?"

Mairam ta yi dariya, gajeriya, ta farko tun ranar da ta yi sallama a bakin ofis. Direba ya tayar da mota. Raudatu ta jingina kanta da kujera, kafin su kai Jajimaji barci ya ɗauke ta.